Ai Ruwa Ne Kawai

Ranar da na sauke kwalin injin feshin ruwan nan daga bayan adaidaita sahu a ƙofar gidana, mutum uku ne zaune a dakalin maƙwabcina, kuma dukansu sun yi mini "Allah ya sa alheri" da irin muryar da ke nuna kowa ya riga ya gama lissafin abin da zai wanke da shi. A Sabon Gari na sayo shi, cikin wani hunturu da ƙura ta mayar da baƙar motata ruwan ƙasa, har yara suna rubuta "a wanke ni" a gilashin baya. Ɗan ƙaramin abu ne ruwan ɗorawa mai taya biyu, kamar akwatin 'yan makarantar kwana. Mai shagon ya rantse mini ɗan Jamus ne, jinin Kärcher, kamfanin da Alfred Kärcher ya kafa a 1935, mutumin da ya ƙera injinsa na feshin ruwan zafi a 1950. Ko ɗan gidan ne na halak, ko kuwa kama ce kawai ta launin fata, ban matsa bincike ba, kuɗina dai sun tafi. Abin da aka rubuta a ƙeyarsa shi ne: wat 1,400, lita 360 a awa, matsi bar 110.

Lambar nan ta ƙarshe ita ce ba wanda yake tsayawa ya karanta. Tayar motar da kake hawa, wadda in ta fashe unguwa duka sai ta ji, iskar da mai faci yake ɗura mata bar 2 ce da 'yan kai. Famfon gida, ranar da ya ga dama ya kawo ruwa da ƙarfi, bar 3 ne ko 4. Injin nan kuwa tattara ruwa yake ya cusa shi ta wata 'yar kafa kamar ta allura, da ƙarfin da ya ninka na tayar nan sau arba'in da wani abu. To amma mu mutane ne da muka san ruwa tun muna goye. Da shi muke alwala, da shi ake tarar baƙo, kirarinsa ma abokin aiki. Wa zai ji tsoron abokin aiki? Shi ya sa duk wanda ya zo aro, kafin na kai rabin bayani sai ya katse ni: "Haba Malam, ai ruwa ne kawai." Shekara uku ke nan ina jin maganar nan, kuma na lura kowane mutum da irin hanyar da yake bi kafin ya janye ta.

Wanda ya fara buɗe mini ido shi ne Sarkin Sauri. Shi wannan tun daga ƙofar gida yake neman soket. Bai haɗa tiyo ba, bai buɗe famfo ba, ya riga ya kunna. Sai ka ji injin ya ɗauki wani irin kuka, kamar injin markaɗe da aka tayar ba a zuba masa wake ba. A cikin cikinsa akwai ɗan famfo mai ƙananan robobi da suke toshe yoyo, kuma ruwan da ke ratsawa shi ne mai sanyaya su. In aka tayar da shi a bushe, robobin nan gogar ƙarfe suke har su ƙone. Abin da ake so bai kai wahalar ɗaura ɗankwali ba: a haɗa tiyo, a buɗe ruwa, a matsa kunamar bindigar feshi injin yana kashe, a bar ruwan ya gama tari da atishawarsa har iskar da ke ciki ta fita ya miƙe sumul, sannan a kunna wuta. Minti ɗaya ya yi yawa. A wurin Sarkin Sauri minti ɗayan nan asara ce da ba zai iya ɗauka ba, ga shi kuma mutum ne da yake iya yin awa biyu a teburin mai shayi yana musu kan ƙwallon da aka buga bara. Da yamma sai ga shi ya dawo da injin yana ɗiga ta ƙasa kamar tulun da ya tsage, fuskarsa cike da tausayina: "Malam, injin nan naka fa kamar yoyo yake. Ko haka suka sayar maka? Mutanen kasuwa sai a hankali."

Shi dai Sarkin Sauri injin yake kashewa. Wanda ke bi masa, Injiniyan Tsinken Ashana, kansa yake nema ya kashe, kuma da shi zan ɗan daɗe, don shi ne ya fi yawa a cikinmu. Ba ya rasa mafita. In filogin injin mai ƙafa uku ne, soket ɗin gidansa kuma mai ido biyu, ba zai aika yaro sayo mahaɗi ba. Reza zai ɗauko ya guntule filogin, ya fere wayoyin, ya cusa biyu a soket ya tokare su da tsinken ashana. Ta ukun, mai launin kore da ruwan ɗorawa, sai ya lanƙwasa ta baya ya ce, "Wannan ado ce, ba ta ɗauke da wuta." Gaskiya ya faɗa, ba ta ɗauke da wuta, sai ranar da wani abu ya lalace a ciki wuta ta zubo jikin injin. Ranar ce ranarta. Ita ce hanyar da wutar za ta bi ta tsere ƙasa, in kuwa an datse ta, to wutar ba za ta fasa tafiya ba, hanya kawai za ta sake, ta bi ta jikin wanda ke riƙe da bindiga, yana tsaye cikin laka ba takalmi. Ba a banza aka yi ƙafar filogin nan ta fi sauran tsawo ba: don ta riga su shiga, ta kuma zama ta ƙarshen fita.

Sai a zo kan wayar da yake jawo wuta da ita daga ɗaki zuwa ƙofar gida. Na taɓa tsugunawa na bi ta da ido daga farko har ƙarshe. 'Yar siririyar farar wayar ƙwan fitila ce, an yi mata ƙari a wuri uku. Ƙari na farko da baƙin salatif, na biyu da ledar burodi, na uku kuwa an bar shi tsirara amma an ɗora shi a kan rabin bulo, wai don kada ruwa ya taɓa shi. Ruwan kuwa yana gangarowa daga ƙarƙashin mota yana kewaya bulon kamar mai ɗawafi. Wutar gidajenmu bolt 230 ce, kuma jiƙaƙƙiyar fata ƙofa ce a buɗe gare ta. Da na yi magana sai ya nuna mini dabararsa ta gwaji: ya taɓa injin da bayan hannu. "Ka ga, Malam, in da akwai shokin, wurgar da hannun zai yi." Watau na'urar kariyarsa ita ce shi kansa.

Akwai na'urar gaske da aka yi don wannan aiki, masu gyaran wuta suna ce mata RCD. Aikinta ɗaya: tana auna wutar da ta fita da wadda ta dawo, da zarar ta ga an samu giɓin da ya kai miliyamfiya 30, alamar wutar ta sami wata ɓarauniyar hanya, sai ta katse kafin ƙiftawar ido. Tana da ɗan maɓalli na gwaji da ake dannawa kafin a fara aiki. Fis ɗin da ke cikin filogi ba zai yi maka wannan ba. Shi wayar yake karewa daga ƙonewa, kuma kafin wutar da za ta narka fis mai amfiya 13 ta gama ratsa mutum, an daɗe da shimfiɗa tabarmin zaman makoki. Na faɗa wa Injiniya kuɗinta. Ya yi shiru, ya ce, "Tsautsayi ai ba ya wuce ranarsa." Na ce haka ne, amma ba a ce mutum ya aika masa da katin gayyata ba.

Yana da ɗan'uwa mai ɗan tsari, wanda ya sayi doguwar waya ta gaske mai naɗuwa a gare-gare, amma ba ya warware sai daidai abin da zai kai shi mota. Sauran na naɗe, wat 1,400 na zagaye a ciki ba inda zafi zai fita. Bayan minti ashirin sai a fara jin ƙauri, kowa ya leƙa cikin gida yana tambayar wa ya bar tukunya a wuta. Wayar irin wannan aiki warware ta ake duka, kuma kaurinta da magana: mai lamba 1.5 in tsawon bai wuce mita 10 ba, mai lamba 2.5 in za a kai mita 30. Mahaɗar kuma a rataye ta sama, bayan mai feshi, ba gabansa ba.

In an ɗauke wuta kuwa, sai Mai Ɗan Janareta ya fito. Ɗan mitsitsin nan ne da 'yan kudu suka yi wa laƙabi da na-fi-maƙwabcina, wanda ko a ranar da ya tashi da ƙafar dama bai kai wat 1,000 ba, aikinsa fanka da talabijin da cajin waya. Shi za a ɗora wa injin da ke son 1,400, kuma a lokacin tashi ya fi haka haɗama. Ana matsa kunama sai janaretan ya yi wata shaƙaƙƙiyar ƙara kamar jakin da aka ɗora wa kayan raƙumi, ya mutu. A ja igiya, a sake. A ja, a sake. Har la'asar motar ba ta jiƙe ba, amma mai ita ya yi sharkaf da gumi. Wannan dariya kawai yake ba ni. Wanda ba ya ba ni dariya shi ne mai babban janareta da yake shigar da shi zaure ko gareji ya ja ƙofa, wai kada feshi ya same shi. Gubar da ke cikin hayaƙin janareta ba ta da wari ba ta da launi, kuma duk mai sauraren labarai a ƙasar nan ya sha jin gidan da aka wayi gari ba wanda ya tashi saboda ita. Janareta a fili yake zama, nesa da taga, nesa da ruwa.

Sai Maharbi. Injina masu canjin baki suna zuwa da 'yan kawuna kala-kala, kuma kalar ba kwalliya ba ce. Fari yana baza ruwa faɗin digiri 40, shi ne na fenti da gilashi. Kore 25, na yawancin aikin tsakar gida. Ruwan ɗorawa 15, na kankare taurin kai a siminti. Baƙi na sabulu ne, ba shi da ƙarfi. Ja kuwa sifili ne, ba ya bazuwa ko kaɗan, tsinke guda yake fitarwa kamar kibiya. Maharbi bai taɓa tambayar amfanin sauran huɗun ba. Tunda ya ga ja ya ga abokin rayuwa. Da shi ya fara rubuta sunansa a jikin katanga, don gwaji, kuma sunan yana nan har yau, don abin da ya ɗauka datti yake cirewa fenti ne. Da shi ya bi tsakanin intalok ɗin gidansa ya tone yashin da ke riƙe da su, yanzu in ka taka ɗaya sai na kusa da shi ya gaishe ka. Da shi ya wanke mota, ya kanga bakin bindiga dab da jiki kamar mai yi mata allura, ya raba ta da sitikar "Allah ya kiyaye hanya" har da fentin da ke ƙarƙashi. An ce a ba jikin mota da gefen taya tazarar aƙalla santimita 30, tsawon rular 'yan firamare ke nan, a fara daga nesa ana matsowa, a kuma gwada a wani lungu da ido ba ya kaiwa. Shi a wurinsa nesa ragwanci ce.

Ƙarshen tarihinsa da ni shi ne ranar da ya tafi da injin cikin gari don ya burge mahaifiyarsa. Ɗakinta ginin ƙasa ne tun na kaka, an yi masa shafen siminti sama-sama. Ya saita ja a kan wani ɗan baƙin tabo kusa da ƙofa. Tabon ya fita. Shafen ya bi shi. Jar ƙasa ta fara gangarowa kamar kunun kanwa. Aka ce tsohuwar ta leƙo ta dube shi, ta dubi bangon, ta ce, "Sannu da aiki, ɗan nan. Taga ka zo buɗe mini?"

Na kusa da shi a hali shi ne Mai Tsafta Har Hanji, wanda ba ya yarda mota ta wanku sai ya ɗaga bonet ya yi wa inji wankan jego: altaneta, akwatin fis, mahaɗan wayoyi, har ƙwaƙwalwar motar. In ya gama sai ta yi ƙyalli kamar amarya, ta kuma ƙi magana kamar amarya. Masu gyaran wutar mota suna ƙaunar mutumin nan, na tabbata akwai wanda ya biya kuɗin makarantar 'ya'yansa da tsaftarsa. In babur ne, sai ya kori giris ɗin sarƙa da na boris, ya yi mamakin kukan da yake ji bayan mako guda. In na'urar sanyaya ɗaki ce, sai ya kwantar da siraran haƙarƙarinta na waje kamar gero bayan iska. Na taɓa riƙe hannunsa yana saitin mitar wuta.

Boka kuwa ba ya yarda da sabulun da aka yi don injin. Haɗinsa yake yi: omo, ruwan bilic, ɗan kalanzir don maiƙo, in abin ya yi tauri a ɗiga fetur. Bai san duk abin da ya shiga bindigar nan hazo yake zama ba, hazon kuma hancinsa da idonsa zai fara ziyarta, na fetur kuwa tartsatsi ɗaya yake jira. Robobin cikin injin ma ba su sha da daɗi. Ɗan'uwansa Maƙo ta wajen ruwa yake ɓullowa. Ya ji lita 360 a awa, ya buga lissafi ya ga lita 6 ce a minti, watau jarkar ɗan garuwa mai lita 25 minti huɗu za ta yi, sai hankalinsa ya tashi, alhali da tiyo zalla yake wankin da ya zubar da fiye da haka. Don haka sai ya zura tiyo har gindin duro inda yashin rijiyar burtsatse ya kwanta, ya kuma cire 'yar rariyar da ke bakin shigar ruwa, wai tana rage gudu. Yashin nan ya shiga famfo ya yi aikin da yashi ya saba yi. Wani kuma daga baƙin tankin da ya wuni a ranar watan Afrilu zai jawo ruwan da ya kusa isa haɗa shayi, alhali ƙananan injinan nan ba a so ruwan da ke shigarsu ya wuce digiri 40.

Yanzu bari in sassauta murya, don na zo kan Mai Kaushi. Mutumin kirki ne, ba ya gaggawa, ba ya taɓa waya. Ya gama wanke motarsa lafiya ƙalau, ya dubi ƙafarsa cikin silifa ta yi futu-futu da laka, ga kaushin hunturu a dunduniya, sai wata dabara ta faɗo masa: abin da ya kankare siminti, kaushi zai gagare shi? Ya kanga, ya matsa. Ya ce ji ya yi kamar an ɗana masa roba. Da ya duba, ɗan ɗigo ne kamar cizon sauro, ko jinin kirki babu. Ya shafa man zafi ya tafi masallaci. Abin da bai gani ba shi ne ruwan ya huda fata ya shige ciki, ya tafi da laka da sabulu da duk abin da ya tarar a hanya, ya bazu tsakanin tsoka da jijiya. Likitoci suna cewa matsin da bai wuce bar 7 ba yana iya huda fatar mutum; shi da 110 ya yi wasa. Kwana biyu ƙafar ta zama kamar turmi. A asibiti sai da aka tsaga aka wanke ciki, ya yi kwanaki a kwance, likitan kuma ya yi masa faɗa kamar ɗan cikinsa: irin wannan rauni ranar da ya faru ake zuwa, ko da ba ya ciwo, kuma a faɗa wa likita ainihin abin da ya yi shi, don ƙanƙantar bakinsa tana yaudarar mai duba shi. Da na je gaishe shi, shi ya riga ni magana. "Malam, kada ka ce komai." Ban ce ba. Na dai lura da ya warke ya sayi takalmin roba mai rufi har ƙwauri, kuma da shi yake wanki ko da bokiti ne.

Jajibirin Babbar Sallah kuwa na Mai Rago ne. Kowa ya san ana wanke ragon layya ya yi fari tas, da soso da sabulu da ɗan haƙuri. Shi wannan haƙurin ne ba shi da shi. Ya zo da sassafe: "Alhaji, a taimaka da injin nan, rago zan ɗan watsa wa ruwa." Na ce ba a nuna shi ga mai rai. Ya ce nesa-nesa zai tsaya. Na ce kunne fa, ido fa? Layya ai da lafiyayyar dabba ake yi, kada garin neman gira a rasa ido, kuma a nan ba karin magana nake ba. Ya tafi yana gunaguni ya samo a wani wuri. Ban ga abin da ya faru da idona ba, na dai ga rago ya wuce ƙofar gidana a guje da guntun igiya a wuya, rabinsa fari rabinsa ruwan ƙasa, yara goma sha na biye da shi, mai shi a can baya riƙe da silifa ɗaya. Ragon ya tsira da idonsa, don shi ya fi kowa hankali a gidan. Yaran nan kuwa su ne dalilin da ya sa aka yi wa kunamar bindiga ɗan makulli. Yaro in ya ga abu mai kama da bindiga, ƙanensa zai fara nema.

Akwai Ɗan Sama, mai hawa tsani da bindiga a hannu don ya wanke allon shagonsa. Ya manta abin da ke tura ruwa gaba yana tura mai riƙe da shi baya, a ƙasa ma hannu biyu ake sa masa a kafa ƙafa. In rufin ko silin na asbestos ne, to gara ma ya sauko tun tsanin bai sauko da shi ba, don feshi yana farfasa shi ya saki zaren da ke lalata huhu. Akwai kuma 'Yan Majalisa, waɗanda ba su taɓa riƙe bindigar ba amma sun fi kowa sanin aikinta. "Matsa kusa!" "Ƙara wuta!" "Ka bar nan, ga can!" Kullum a inda feshi ke dawowa suke tsayawa, kullum kuma cikin farar shadda. Sai tsakuwa ta yi tsalle daga siminti ta wuce ta gefen idon ɗayansu sannan majalisar take ɗage zama zuwa bayan bishiya. Mai feshin kansa ba tabarau a idonsa, don ya ce zai yi kama da mai walda.

Mutum ɗaya ne a layinmu yake sa tabaran, kuma shi ake yi wa dariya. Tsohon malamin makaranta ne da ya yi ritaya. Ranar da ya fara zuwa aro, takardar bayanin injin ya fara tambaya, abin da ni kaina sai da na tono ta a ƙarƙashin gado. Ya zauna ya karanta ta tsaf, har shafukan da ke cikin harsunan da ba ya ji ya duba hotunansu. Sannan ya fito kamar mai shirin shiga rijiya: takalmin roba, dogon wando, tabarau. Ya bi wayar da yatsa taƙi-taƙi yana neman inda ta ɗaye. Ya lanƙwasa tiyon matsi yana neman kumburi. Ya rufe tagogi, ya kori jikoki da kaji cikin gida, ya danna maɓallin gwajin RCD ɗin da ya sa aka ɗaura masa, ya jira ta yi ƙas, ya mayar. 'Yan Majalisa suna ta kiran "Malam, yau dai ko gobe?" Wankin ƙaramar motarsa ya ci awa ɗaya da rabi. Amma in ya dawo da injin, a goge yake, tiyo a naɗe ba karyewa, kawunan nan biyar a cikin 'yar leda, ba ɗigon ruwa a cikinsa. Ni ma na yi masa dariya, ba zan ɓoye ba. Sai dai shi kaɗai nake ba aro ba tare da na bi bayan injin da addu'a ba.

Saura mutum ɗaya, Malamin Wa'azi, mai injin, wanda ba ya miƙa shi sai ya yi huɗubar minti goma. Huɗubar tana da rufewa da kowa a layin ya haddace: in ka gama, kashe injin, zare filogi da busasshen hannu, rufe famfo, sannan ka matsa kunama har ragowar matsin da ya maƙale a tiyo ya fita, ka sa makulli, sai ka kwance. Don injin da aka kashe bai huce ba, cikinsa a ɗure yake.

Wata Juma'a na gama wanke mota da wuri, na shiga na yi wanka, na sa sabuwar shadda da hula zanna, na fito zan wuce masallaci sai na ga injin a tsakar ƙofa ban kwance shi ba. Lokaci ya ƙure. Na ce bari in ture shi ciki. Na kama mahaɗar tiyo na murɗa, ta ƙi. Wannan ƙin shi ne injin yake gaya mini akwai sauran magana a cikinsa, kuma ni na koya wa mutane hakan. Na dai ƙara ƙarfi. Famfo a buɗe, kunama ban taɓa ta ba.

Hular a kan rufin shagon maƙwabci aka samo ta. Maiɗakina ta leƙo ta labule, ta dube ni daga sama har ƙasa, ta ce, "Abban yara, wankan Juma'ar sau biyu ake yi yanzu?" Dakalin kuwa cike yake, Sarkin Sauri da Injiniya da Maharbi duk suna nan, har da Mai Kaushi. Ba wanda ya yi dariya da farko. Sai Injiniya ya gyara zama, ya yi gyaran murya, ya ce cikin tausasawa, "Kada ka damu, Malam. Ai ruwa ne kawai."